Daga Jakin Fatake Zuwa Babur: Hanyar da Ta Haɗa Nima da Arewa



A watan Afrilun 2022 wani ɗan Najeriya mai suna Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur, ya keto Sahara ta Maroko da Muritaniya, ya biyo ta Akra, ya shiga Legas a ƙarshen watan Mayu, bayan kimanin kwana 40 a hanya. Tun daga nan wata tambaya take yawo a majalisun samarin Nima da Mamobi, irin majalisun da a nan ake ce wa bes, a Nijar kuma fada: in har mutum zai iya zuwa daga Landan, me zai hana ɗan zango ya ɗaure jakarsa a bayan moto ya je Katsina, ko Dogondutsi, ko Sakkwato, ya ga garin da kakansa ya baro? To, kafin a buga kiki, bari mu dubi tarihin hanyar, don ta girmi dukkan iyakokin da ke kanta.

Shi kansa sunan zango daga tafiya ya fito. Zango shi ne inda ayari yake yada kaya ya kwana. A ƙarni na 19 fatake suna tasowa daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa, turkuɗi, jar fata da gabu, su bi ta ƙasar Sakkwato ko Yawuri, su haye Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, wasu su zaga ta Sansanin Mango da Yandi, su sauka Salga a ƙasar Gwanja, inda goron Asante yake jiransu. Zuwa kawai yakan ci wata 2 ko 3. Ba kuma 'yan tsirarun mutane ba ne. Baturen nan Clapperton, da ya isa Kayama a 1826, ya tarar da ayarin da ke komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci.

Sau da yawa za ka ji ana cewa ai a da babu iyaka, kowa tafiyarsa yake yi yadda ya ga dama. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba. Kowane sarki da ƙasarsa, kowane kogi da mai fitonsa. Ana biyan fito, ana kai gaisuwa, wanda ya ƙi kuma ya gamu da 'yan fashi a gaba, wani lokaci ma yaran sarkin da aka hana ne. Bambancin shi ne fatake ba sa tunkarar mai mulki ɗaya-ɗaya. Akwai madugu, shi ke ciniki a madadin kowa, ya san abin da aka biya bara, ya san wanda za a yi wa kyautar riga a rage kuɗi. Akwai jagaba mai duba hanya, akwai uban dawaki. In an isa gari kuma akwai mai gida da zai sauke ka, ya tsaya maka a kasuwa. Ku riƙe wannan a zuci, don mai babur na yau shi kaɗai yake isa gaban tebur, babu madugu.

Abubuwa biyu suka karya Salga. Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan hanyar goro ya yi rauni, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa garin a 1892. 'Yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa Kintampo, Yeji, Kumasi da Kete-Karachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Wasu suka gangaro bakin teku, garin da dattawanmu har yau suke kira Ankara. Malam Nenu, mutumin Katsina, yana cikin waɗanda suka kafa zangon farko a tsakiyar garin, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ƙanwa ce a wurinsu. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, mai cinikin shanu, ya samu filin daga iyalin Odoi Kwao na Osu, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika da tsofaffin sojoji da masu neman aiki daga arewa.

Akwai sunan da ya haɗa bakin hanyar biyu. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, kakan mahaifiyar Aliko Ɗangote, tun yana saurayi ya biyo ayari ya zo Akra wurin mahaifiyarsa Amarya, wadda ta koma can da zama. Daga baya yana cikin na farko da suka daina jan jaki wata da watanni, suka riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Da dogo ya isa Kano, ayarin Gwanja ya kama hanyar mutuwa. Sai loli ta zo ta ƙarasa shi.

Turawa sun shata iyakoki, Jamus a Togo, Faransa a Dahome da Nijar, Ingila a nan da Najeriya, amma shekaru da dama iyakar ta fi ƙarfi a kan taswira. Wanda ya kalli fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, da aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950, zai tuna da samari 3 da suka taso daga Ayoru a Nijar da ƙafa zuwa kurmi neman kuɗi. Da suka iso iyakar Lome aka tambaye su takardu, babu. Sai suka ja da baya, suka zaga ta bayan ofishin, suka shige abinsu. Abin dariya ne a fim, amma haka kakannin mutane da yawa a Mamobi suka shigo, kuma ba wanda ya ga laifinsu, tun da ana bukatar hannunsu a gonakin koko da tashar jiragen ruwa.

Ranar 18 ga Nuwamban 1969 aka gane takarda ba wasa ba ce. Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako 2 ya bar Gana. Mutane fiye da 100,000 suka fita, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ce su koma gida a nan aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin Ilori ko Dosso ba. A zango har yanzu in tsoho ya ce "lokacin Busia", ba sai ya ƙara bayani ba. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin nata, ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Gana kusan miliyan 1 a cikinsu. Aka yi rashin sa'a Rawlings ya rufe iyakar Gana tun watan Satumban 1982, jama'a suka jibge a Seme da bakin Aflawo kwana da kwanaki kafin a buɗe musu. Ni a ganina duk wanda zai ba da labarin ɗaya ya bar ɗaya, ba tarihi yake bayarwa ba, tsokana yake yi.

Abin mamaki, tsakanin korar nan biyu aka rubuta dokar da mai babur yake dogaro da ita yau. An kafa ECOWAS, wato CEDEAO, a Legas a 1975, sannan a 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga: ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar zai shiga wata ƙasar ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Abin hawa na kai ma an ba shi kwana 90, da sharaɗin lasisin tuƙi, takardar mallaka, inshora da takardar kwastan, ko duwan kamar yadda ake cewa a Nijar. A 1982 aka ƙara da katin inshorar nan mai ruwan ƙasa, wanda ke biyan diyya in ka buge wani a ƙasar da ba taka ba. Wannan katin shi samari suka fi mantawa da shi, shi kuma jandarma ya fi tunawa.

Wani ɗan tsokaci: da can Gana da Najeriya hannun hagu suke tuƙi, Togo da Dahome hannun dama, saboda haka direban Akra zuwa Legas sai ya sauya hannu sau 2 a tafiyar da ba ta kai kilomita 500 ba. Najeriya ta koma dama a 1972, Gana a 1974. Hannu ya zama ɗaya, amma iyakoki 3 suna nan, Aflawo, Hilakonji da Seme, ga shingaye a tsakani, kowanne da mai neman na goro, alhali faɗin Togo gaba ɗaya a bakin teku kimanin kilomita 50 ne.

Shi babur a makare ya shigo labarin. Sai da baburan Sin da Indiya masu araha suka cika kasuwa, irin su Haojue da Boxer, da yawansu ta tashar Lome, sannan talaka ya mallaki abin hawan da zai iya kai shi wata ƙasa. Kowane gari ya raɗa wa sana'ar suna: acaɓa a Kano, kabu-kabu a Maraɗi, zemijan a Kwatano, okada a Legas da Akra. Sai dai bai daɗe da zama abin talaka ba ya zama abin zargi. Dokar hanya ta Gana ta 2012 ta haramta ɗaukar fasinja a kansa don kuɗi. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero. Nijar ta hana hawan babur a Difa a 2015, a sassan Tilaberi kuma a farkon 2020. Zamfara da Katsina sun taƙaita shi a 2021, Burkina Faso ta taka wa wasu manyan nau'o'insa birki a 2022. A Najeriya, Nijar da Burkina Faso dalilin ɗaya ne: masu ɗauke da bindiga ma shi suke hawa. Don haka saurayin da ya fito daga Nima da jaka a baya, yana jin Hausa, yana nufin arewa ta Paga ko Bawku, ya bi Fada Ngurma zuwa Yamai, kamanninsa kaɗai sun isa su jawo masa tambayoyin da Bature mai yawon buɗe ido ba zai sha ba. Hanyar Fada zuwa Kancari kuwa, a shekarun nan ko manyan motoci sai da rakiyar soja suke binta.

Rufe iyaka kuma bai zama tarihi ba tukuna. Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Gana ta rufe na ƙasa shekara 2 cur saboda korona, daga Maris na 2020 zuwa Maris na 2022, kuma a lokacin 'yan okadan Aflawo suka ci kasuwarsu, suna tsallakar da mutane ta ɓarauniyar hanya, wuraren da ake kira bit, kusan inda samarin Ayoru suka zaga. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka datse gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, wadda ita ce hanyar da ta fi sauƙi ga mai zuwa Dosso ko Kamba daga bakin teku. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ɓangarorin biyu sun ce za a ci gaba da shiga ba biza, amma yanzu sanarwa ce ke riƙe da matafiyi a waɗannan ƙasashe 3, ba yarjejeniyar 1979 ba, sanarwa kuwa wanda ya yi ta yana iya janye ta gobe.

Ko bayan da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe ɓangarenta, Nijar ta bar nata a toshe. Masu babur da suka isa Malanbil a wannan lokaci sai su gangara bakin Kwara, a yi ciniki da mai jirgi, mutum 3 ko 4 su ciccibi babur su kwantar da shi a cikin kwale-kwale tsakanin buhuna, a biya kuɗin fito, na mutum daban, na babur daban.