Yadda Annobar Korona Ta Shafi Maganin Rashin Haihuwa

Kwana shida bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020, ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta shawarci asibitoci su dakatar da fara sabon magani ga masu neman haihuwa. Dakatarwar ta haɗa da IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji kafin a dasa ɗan tayin a mahaifa. A Birtaniya, hukumar da ke sa ido kan fannin ta umarci asibitoci su tsayar da aiki kafin 15 ga Afrilu, ta kuma ba su damar neman izinin komawa daga 11 ga Mayu.

Hujjar hukumomi ita ce ba a san illar cutar ga masu juna biyu ba, kuma ana buƙatar ma'aikata da kayan kariya a sassan jinyar korona. Sai dai wannan magani ba ya jira, domin yawan ƙwayayen mace da ingancinsu suna raguwa da shekaru, musamman bayan 35. Don rage asara, Birtaniya ta ƙara shekara biyu kan wa'adin shekara goma na ajiye ƙwayayen da aka daskarar.

Zuwan rigakafi ya kawo jita-jitar cewa allurar tana hana haihuwa, irin zargin da ya sa Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Binciken Jami'ar Boston da aka wallafa a Janairun 2022 bai sami alaƙa tsakanin allurar da raguwar samun ciki ba. Abin da ya gano shi ne kamuwa da cutar kanta na iya rage ƙarfin haihuwar namiji na ɗan lokaci. Wani binciken ya nuna allurar na iya jinkirta al'adar mace da ƙasa da kwana ɗaya.

A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar rashin haihuwa a rayuwarsa. Muhawarar da annobar ta bari ita ce ko gwamnatoci za su lissafa maganinsa cikin ayyukan lafiya na dole idan wata annobar ta ɓarke.