Ɓawon da Ya Ba da Haske: Tarihin Silikon Mai Ramuka

A shekarar 1956, a ɗakunan bincike na kamfanin Bell da ke Amurka, Arthur Uhlir da matarsa Ingeborg suna neman hanyar goge silikon ya yi sumul. Sukan tsoma shi cikin asid ɗin haidirofulorik su jona masa lantarki. Idan ƙarfin wutar ya yi ƙasa, maimakon sheƙi sai fuskarsa ta yi ɓawo, wani sa'in baƙi, wani sa'in ja-ja. Ashe asid ɗin huda silikon yake yi, ya bar shi da ramuka kamar soso, waɗanda ido ba ya iya gani. Uhlir ya rubuta rahoto, aka wuce wurin.

A lokacin kowa ya san halin silikon: gwani ne wajen sarrafa lantarki, amma ba ya ba da hasken kirki. Ɗan abin da yake fitarwa ma ido ba ya ganinsa. Shi ya sa masu ƙera fitilun LED da leza suka dogara ga wasu sinadarai masu tsada.

Sai a 1990 Leigh Canham, masanin wata cibiyar binciken tsaro a garin Malvern na Ingila, ya haska wannan ɓawo da leza, ya ga ya yi jawur a zafin ɗaki. Bayaninsa shi ne, ramukan sun cinye silikon har saura zare-zare masu kaurin 'yan nanomita, kuma ilektoron da aka matse a irin wannan ƙunci yakan saki haske mai ƙarfi. Volker Lehmann da Ulrich Gösele na Jami'ar Duke sun kai ga irin wannan fahimta a 1991. Wasu masana a Jamus suka ce a'a, wani sinadari ne mai suna siloksin da ke manne a ramukan ke ba da hasken. Aka yi ta kai ruwa rana.

Burin kowa shi ne kwamfuta mai aika saƙo da haske. A 1996 ayarin Philippe Fauchet a Jami'ar Rochester ya haɗa fitilar silikon mai ramuka da tiransista a kan silikon ɗaya. Sai dai hasken ya yi rauni da lantarki, yana da nawa wajen kunnuwa da mutuwa, kuma iska na sauya shi.

Amfanin sai ya ɓullo ta wata ƙofa. A 1995 Canham ya nuna cewa ma'adinin ƙashi na tsirowa a kan silikon mai ramuka. Yau ana bincikensa wajen kai magani cikin jiki, da na'urorin gano sinadarai, da batiran litiyam.