Ribaɗin Wurno da Mayaƙan Kwarin Rima

Daular Usmaniyya ta Sakkwato ba ta riƙe babbar runduna ta dindindin ba. Sai kaka ta yi, an kai amfanin gona rumbu, sannan Sarkin Musulmi ya aika a tara mayaƙa, kowane jagora ya zo da jama'arsa da tutarsa. Gobirawa da Azbinawa kuwa ba su jiran kaka kafin su kawo hari. Wannan giɓi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya toshe da ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda mayaƙa ke zaune da iyalansu suna noma suna tsaro rani da damina.

Wurno ce babba a cikin ribaɗan. Bello ya gina ta wajen 1830 a kan tudu mai kallon fadamar Rima, ya koma can da kansa, a nan ya rasu, a nan kabarinsa yake. Wasu ribaɗai ya damƙa su ga 'ya'yansa. Rabah ma ta shiga wannan jeri, har aka san Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na biyu, ɗan Bello, da laƙabin na Rabah. Hikimar a bayyane take: ɗan sarki da ke kwana a bakin daga ba ya wasa da tsaro.

Umarni daga Sarkin Musulmi yake saukowa zuwa ga Amirul Jaishi, wato shugaban mayaƙa, muƙamin da Aliyu Jeɗo ya riƙe tun farkon jihadi, daga nan zuwa ga shugabannin ribaɗai da masu sarautun yaƙi. A cikin rundunar akwai ƙungiyoyin da aka ware domin ayyuka na musamman. 'Yan lifidi, waɗanda ake lulluɓe su da dawakinsu da rigar auduga mai kauri da ke tare kibiya, su ake turawa su fasa sahun abokan gaba, su kuma kewaye shugaba idan yaƙi ya yi tsanani. Ba su da yawa, domin kayan da tsada, dokin da zai ɗauke su ma sai ƙaƙƙarfa. Barade masu ƙananan kaya su ke leƙen asiri, su kai hari, su bi sawun maharan da suka kore shanu. 'Yan baka da kibau masu dafi su ke kwanton ɓauna da tsare ganuwa.

An ga amfanin tsarin a Gawakuke a 1836, inda Bello ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali. Duk da haka Gobirawa suka sake kafuwa a Tsibiri, hare-hare ba su yanke ba, shi ya sa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ci gaba da zama a Wurno. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a Maris na 1903, aikin yaƙin ribaɗai ya ƙare, shugabanninsu suka koma hakimai masu tara haraji.