Yaro da Yarinya a Idon Amurka: Shekarar 1955

Masu binciken tarihin baƙar fata na Amurka sun daɗe da lura cewa ba da mudu ɗaya ake auna ɗa namiji da 'ya mace a cikin wannan al'umma ba. Dukansu biyu akan hana su ƙuruciya, amma kowa da irin hanyar da akan bi a hana shi. Abubuwa biyu da suka auku a shekarar 1955 sun isa misali.

Asalin al'amarin kuwa tun zamanin bauta ne. A 1662 majalisar Bajiniya ta kafa doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, watau abin da baiwa ta haifa bawa ne, ko da ubangijinta ne ubansa. Saboda haka tun yarinya ba ta balaga ba ake yi mata kallon mai haihuwa, ba kuwa wata shari'a da ta tsare mata mutuncinta. Shi kuwa namiji, bayan da aka soke bauta a 1865 sai aka mai da shi abin tsoro. Da an zarge shi da kusantar Baturiya sai gayya ta kashe shi ba tare da shari'a ba. A 1892 'yar jarida Ida B. Wells ta nuna cewa sau da yawa wannan zargi hujjar ƙarya ce.

A watan Agusta na 1955 wani yaro ɗan shekara 14, Emmett Till, ya tashi daga Cikago ya ziyarci danginsa a Misisipi. Kafin ya tafi uwarsa ta ja masa kunne, ya ƙasƙantar da kai gaban Turawa. Aka ce ya yi wa wata Baturiya mai kanti rashin kunya, sai maza biyu suka ɗauke shi da dare suka kashe, suka jefa gawar a kogin Tallahatchie. Masu taya alƙali shari'a, dukansu Turawa, suka sallame su, sa'an nan a 1956 suka amsa laifin a wata mujalla. An ɗauki yaro a matsayin ƙaton namiji mai haɗari.

Tun ran 2 ga Maris na wannan shekara, a Montgomery ta Alabama, an kama Claudette Colvin, 'yar shekara 15, domin ta ƙi tashi ta ba Baturiya wurin zama a bas. Shugabannin baƙar fata na garin suka ƙi kafa gwagwarmaya a kan shari'arta. Ƙuruciyarta da talaucin gidansu suna cikin dalilai, daga baya kuma ta sami ciki ba aure. Sai da aka kama Rosa Parks ran 1 ga Disamba aka fara ƙaurace wa bas. Duk da haka Colvin tana cikin mata huɗu da ƙararsu ta rushe dokar wariya a bas a 1956. Ba a share laifin daga sunanta ba sai a 2021.

Abin lura a nan shi ne inda hukunci ya fito. Till daga waje aka hukunta shi, al'ummarsa kuwa ta yi makokinsa ta riƙe sunansa. Colvin kuwa hukunci biyu ta sha, na 'yan sanda da na mutanenta, waɗanda suka ɗora mata sharaɗin tsarkin hali kafin su amince da jaruntakarta. Daga nan ake gane tarbiyyar da ta yaɗu a gidaje da yawa: a lallaɓa namiji don tsoron kada a rasa shi, a tsananta wa mace don ta iya ɗaukar nauyi. Tsoron iyaye gaskiya ne, amma 'ya'ya mata ne suka fi ɗaukar wahalarsa ba tare da an lura ba, har masu tarihi ma sun jima ba su waiwaye su ba.