Hatsin agaji da kututturen gona: Maraɗi, 1984

Shekarar 1984 ta zo wa ƙasar Maraɗi da fari, ga kuma iyakar Nijeriya a rufe, har talakawa suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. A watan Mayun shekarar aka yi babban taron ƙasa a birnin Maraɗi kan yaƙi da hamada, zamanin Seyni Kountché, aka ɗauki alkawarin dasa itatuwa. Sai dai abin da ya sauya fuskar gonaki ba daga zauren taron ya fito ba.

Kafin nan gona fes ita ce shaidar manomin ƙwarai. Zamanin gyaɗa ya koya wa mutane tumɓuke duk abin da zai tare garma, doka kuma ta ƙarasa sauran. Tun daga dokar Faransa ta 1935 har ta 1974, itatuwa irin su gawo suna hannun hukuma, manomi yakan sha tara in ya sassare reshe a gonar ubansa. Wa zai reni abin da ba nasa ba?

A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace bazara toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye. In aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka rage sauran, sabara da kalgo sai su miƙe, ba dashe ba ban ruwa. Manoma ƙalilan suka gwada, maƙwabta na yi musu dariya.

Da yunwa ta tsananta, sai aka ɗaura rabon hatsin agaji a kan sharaɗi: mai son abinci ya bar itatuwa a gonarsa. Cikin ƙauyuka kusan 100 aka raya itace wajen 500,000. Amma da damina ta yi kyau rabo ya tsaya, aka sare kimanin kashi biyu cikin uku. Ba butulci ba ne. Mutane sun ɗauki aikin a matsayin ƙwadago, an biya, an tashi.

Kashi ɗayan da ya tsira shi ya yi wa sauran wa'azi. Masu shi suka samu itacen girki da na sayarwa, da harawar dabbobi, iska ta daina binne musu shuka da rairayi, gero kuma bai ragu ba. Dabarar, wadda ake kira sassaben zamani, ta bi bakin manoma daga gona zuwa gona. Mutanen kwarin Gulbi ba su buƙaci dogon bayani ba: a Tibiri an daɗe da sanin albarkar gero a gindin gawo, a Jiratawa kuwa zogale ya nuna cewa itace ma amfanin gona ne da ake kaiwa kasuwa.

Tarayyar Turai, da dukiyarta, sai a 2003 ta wajabta kiyaye muhalli ga mai karɓar tallafin noma, kuma tana iya biya kowace shekara. Nijar ba ta da wannan aljihu, sai ta sassauta doka. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka buɗe hanya, masu bincike kuma suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Dokar da ta fito fili ta ba manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena ba ta zo ba sai a 2020, shekara 36 bayan El Buhari.