Daga Hannun Mace Ɗaya Zuwa Miliyoyin Yara: Tarihin Kyautar Ƙamus

A wannan makon za mu waiwayi tarihin wata al'ada da ta kafu a Amurka, ta raba wa 'yan firamare ƙamus kyauta, mu ga kuma abin da ya shafe mu a ciki.

Abin ya faro ne a shekarar 1992 a birnin Savannah na jihar Jojiya. Wata baiwar Allah mai suna Annie Plummer ta sayi 'yan ƙananan ƙamusoshi da kuɗin aljihunta, ta raba wa yaran wata makaranta da ke kusa da gidanta. Ba attajira ba ce, ba kuma gwamnati ce ta aiko ta ba. Kowace shekara sai ta nemi taimakon jama'a ta ƙara saye, har aka yi mata laƙabi da uwar ƙamus. Kafin rasuwarta ta raba dubbai.

Labarinta ya kai kunnen wata mata, Mary French, a jihar Karolina ta Kudu. A 1995 ita da mijinta suka kafa ƙungiya mai suna The Dictionary Project don aikin ya tsaya da ƙafafunsa. Da jaridar Wall Street Journal ta buga labarinsu a 2002, sai aikin ya bazu a faɗin ƙasar. Zuwa yau an raba ƙamus fiye da miliyan 30.

To, su wa suka ɗauki nauyin? Mafi yawa ƙungiyoyin hidimar al'umma ne, irin su Rotary da Lions da Kiwanis. Ita Rotary wani lauya ne, Paul Harris, ya kafa ta a Shikago a 1905, kuma yaƙi da jahilci na cikin manyan ayyukanta. Tsarin mai sauƙi ne. Reshen ƙungiya a gari zai tara kuɗi, ya sayi ƙamus da sari, membobi su shiga aji da kansu su miƙa wa kowane yaro nasa. Yaro ya rubuta sunansa a ciki, ya tafi da shi gida. Ba na makaranta ba ne balle a kulle shi a kabad ɗin hedimasta.

Sun fi zaɓen 'yan aji uku, kuma da dalili. A wannan matakin ne yaro ke tashi daga koyon karatu ya koma yin karatu don ya koyi wani abu. Wanda kalma ɗaya ta tare wa hanya a nan, in babu mai fassara masa, sai ya ajiye littafin. In ya ajiye sau da yawa, an rasa mai karatu ke nan.

Nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Reshen Rotary na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi, a 1961. Ƙamus ma ba baƙo ba ne a Hausa. Schön ya fitar da nasa a 1876, Bargery a 1934, Abraham a 1949, sannan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ke bayanin Hausa da Hausa. Ke nan ƙungiyoyi muna da su, ƙamus muna da shi. Abin da ya rage shi ne hannun da zai kai shi ga yaro.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mu nawa ne a nan muka mallaki ƙamus na Hausa? Muna kukan an daina sayen littafi, muna kukan ƙa'idojin rubutu sun lalace, ana rubuta "kasa" a gurbin "ƙasa", "bata" a gurbin "ɓata". Amma yaron da zai karanta littafinmu nan da shekara goma yana aji uku yanzu, kuma da wuya a ce ya taɓa riƙe ƙamus.

Da yayyafi kogi kan cika. Annie Plummer da makaranta ɗaya ta fara. Kowace ƙungiyar marubuta tana da firamare a unguwar da take taro. In kuɗin ƙamus ga kowane yaro ya fi ƙarfinmu, mu fara da ɗaya a kowane aji, mu je da kanmu mu nuna musu yadda ake neman kalma.

Wace makaranta ce kusa da ku? Sai mun ji daga gare ku. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.