Wanzanci da Jinyar Ramin Haƙori a Ƙasar Wurno

A garuruwan da ke bin fadamar gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno da ƙauyukanta irin su Dinawa, cire haƙori ya daɗe yana cikin ayyukan wanzami, wato masanin aska da ke gadon sana'arsa daga iyaye da kakanni. Aski da kaciya da ƙaho da cire belu da sakiya, wadda ita ce huda ƙurji don fitar da mugunya, duk a zabirarsa suke, kuma a masarautu da dama akwai Sarkin Aska da ke shugabantar masu sana'ar. Haƙorin da ya fi wahalar da wanzami shi ne turmin ƙarshe, wanda ke fitowa can ƙuryar muƙamuƙi tsakanin shekara 17 zuwa 25, domin sau da yawa ba ya samun wurin tsayawa, sai ya fito a karkace ko ya maƙale ƙarƙashin dasashi.

Wannan yanki ba baƙon ilimin magani ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗi, wato garin tsaro na bakin iyaka, ya kuma rasu a can a 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci kan ciwon ido da basir da tsutsar ciki da amfanin filasko, kuma sa'ad da Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, likita na cikin abubuwan da Bello ya nemi a aiko masa daga Ingila. Sai dai ilimin littafi na malamai ne, aikin da ke zubar da jini kuwa a hannun wanzamai ya zauna, kuma ta bakin uba zuwa kunnen ɗa yake tafiya.

Fizge haƙori da awartaki, ba tare da maganin kashe zafi ba, aiki ne na ɗan lokaci. Gwanintar wanzami a kwanakin da ke biyo baya take bayyana. Garin bagaruwa, wanda aka saba barbaɗawa a raunin kaciya, yana tsuke nama ya rage zubar jini saboda sinadarin da ke cikin kwafsarta, irin wanda majema ke dogaro da shi wajen jima. Kanumfari na ɗauke raɗaɗi, kuma har yau likitocin haƙori na amfani da sinadarin man da ake tatsa daga gare shi. Ruwan ɗumi da gishiri, da zama kan kunu da koko har taunawa ta yiwu, su ma sun dace da abin da asibiti ke koyarwa. Abin da ya fi duk waɗannan daraja shi ne kusanci, domin wanzami maƙwabci ne, gidansa sananne, kuma yana ganin kumburin kunci tun kafin ya gawurta.

Wannan yabo ba zai rufe illar da ke cikin tsohuwar hanya ba. Ƙarfen da ba a dafa ba yana ɗaukar cuta daga baki zuwa baki, saiwar da ta karye a cikin ƙashi tana ruɓewa, kuma cusa garin taba ko kanwa a ramin, kamar yadda wasu ke yi wa haƙori mai ciwo, ƙona naman yake yi maimakon warkar da shi. Babban abin da ido ba ya iya nuna wa wanzami shi ne matsayin gudan jinin da ke daskarewa a ramin, wanda shi ne murfin da ke kare ƙashi da jijiya har sabon nama ya tsiro. Idan ya fita da wuri, ta hanyar kurkure baki da ƙarfi, ko yawan tofar da yawu, ko zuƙar taba, sai ramin ya bushe, bayan kwana 2 zuwa 4 azababben ciwo ya taso har zuwa kunne, baki ya riƙa wari. Turmin ƙarshe na muƙamuƙin ƙasa ya fi kowane haƙori jawo wannan matsala.

Turawan mulkin mallaka sun ci Sakkwato a Maris na 1903, amma likitancin haƙori ya yi jinkirin isowa ƙwarai, har makarantar farko ta horar da likitocinsa a Nijeriya sai a 1966 aka buɗe ta a Jami'ar Legas. A yau mutumin Dinawa da turminsa ya maƙale kan nufi birnin Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi, a ɗauki hoton ƙashi, a yi allurar kashe zafi, a cire, wani lokaci a yi ɗinki. Asibiti ya kawo tsafta da sauƙin raɗaɗi, amma majinyaci yakan koma gida a ranar, nesa da wanda ya yi masa aiki, jinya ta faɗa hannun iyali da mai kemis.

Saboda haka umarnin da ake ba shi a ƙofar asibiti ya maye gurbin zagayen wanzami: ya ciji audugar da aka sa masa na kimanin minti 30, ya guji abu mai zafi da goro da taba, kada ya kurkure baki da ƙarfi sai bayan awa 24, daga nan ya koma ga ruwan ɗumi da gishiri a hankali. A ƙasar da ake alwala sau da dama a yini wannan batu na bukatar bayani a fili, kuma abin da ke sauƙaƙa shi shi ne kurkurar baki a mazhabar Malikiyya sunna ce, ba farilla ba, don haka mai sabon rauni ba ya cikin takura. Jinin da ya ƙi tsayawa, da zazzaɓi, da kumburin da ke gangarowa wuya ko ke hana haɗiya, alamu ne na komawa asibiti nan take, ko da kuwa tafiyar dare ce.